Gyambon ƙafa: ana ta ɗura masa antibiyotik, alhali ɗauri yake buƙata

A ranar 13 ga watan Oktoba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da rahotonta a kan ƙwayoyin cutar da suka daina jin maganin antibiyotik. Alƙaluman da aka tattaro daga ƙasashe sama da 100 sun nuna cewa a shekarar 2023, cikin kowane ciwo shida na bakteriya da aka tabbatar a ɗakin awo, ɗaya ya bijire wa maganin da aka saba kashe shi da shi. A yankin Afirka kuwa ɗaya ne cikin biyar. Rahoton ya duba ciwon da ya shiga jini, da na mafitsara, da na hanji, da ciwon sanyi. Miki ba ya cikin lissafin. Mai gyambo ba ya shiga irin wannan ƙidaya sai ran da ƙwayar cutar da ke ƙafarsa ta kai ga jininsa, a lokacin kuma magana ta riga ta yi nisa.

Amma duk wanda ya san ɗakin wankin miki, ɗan ƙaramin ɗakin nan da ke gefe a CSI ko a asibitin gunduma, ya san akwai mutanen da suka zama kamar ƴan gida a can. Mutum guda, ƙafa guda, miki guda, shekara biyu, shekara biyar, wani har goma. A tsawon waɗannan shekaru, da wuya a sami majiyyacin da ya kai shi shan antibiyotik. Ya sha na likita, ya sha na farmasi, ya sha na mai talla, an yi masa allura, an fasa kafso an barbaɗa masa. Gyambon yana nan, sai dai ƙwayoyin cutar da ke zaune a kansa sun sauya.

Inda ciwon yake

Gyambo iri-iri ne, amma wanda ake magana a kansa a nan shi ne na jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Jinin ƙafa hawa yake yi, don haka jiki ya tanadi abu biyu da ke taimaka masa. Na farko tsokar sha-raɓa, wadda duk lokacin da mutum ya taka take matse jijiya ta tura jini sama. Na biyu wasu ƴan marufai a cikin jijiyar, waɗanda ke buɗewa jini ya wuce, su rufe don kada ya komo. Idan marufan nan suka lalace, jini sai ya riƙa taruwa a ƙasa. Ƙafa ta kumbura da yamma, ta saɓe da safe. Jijiyoyi su fito su murɗe kamar igiya. Fatar da ke saman idon sawu ta yi baƙi, ta yi tauri, ta riƙa ƙaiƙayi. Daga nan ƙaramin abu ya isa: susa, ƙaya, ƙunar salansar babur, cizon sauro. Wurin da zai warke cikin mako guda a jikin wani, a wannan fata sai ya buɗe ya ƙi rufewa. Galibi ta ciki yake fitowa, ɗan sama da idon sawu, ba shi da zurfi sosai, amma yana zubar da ruwa ba ƙaƙƙautawa.

Masu wannan larura sanannu ne: mai aikin tsayuwa wuni guda kamar mahauci da mai shago, mai zama wuri ɗaya ƙafa a rataye kamar direban babbar mota da mai tuyar ƙosai, wanda ya taɓa karaya a ƙafa, wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya, mai ƙiba, da tsoho. Sai kuma mata masu yawan haihuwa, domin kowane ciki yana ƙara wa jijiyoyin ƙafa nauyi. A ƙasar da mace ke haihuwar ƴaƴa sama da shida a matsakaicin lissafi, wannan ba ƙaramin dalili ba ne.

Tushen ciwon ke nan: jinin da ya kasa hawa. Ƙwayar cuta baƙuwa ce da ta tarar da ƙofa a buɗe. Kowane miki da ya yi makonni a buɗe yana ɗauke da bakteriya, ko a Yamai yake ko a birnin Paris. Wani bincike da aka yi a ƙasar Danmak, aka wallafa a 2006, ya bi masu irin wannan gyambo su 46. An sami ƙwayar stafilokok a kan fiye da tara cikin goma na mikunan, an kuma sami sudomonas a kan rabinsu. Samun ƙwayar cuta a kan gyambo ba shi ke nuna cewa ta kama jiki ba. Sau da yawa zaune kawai take a sama, cikin wani yauƙi da ƙwayoyin ke haɗawa su lulluɓe kansu da shi. Maganin da aka haɗiya yakan isa wurin da ɗan ƙarfi kaɗan, saboda jinin wurin ba ya gudana yadda ya kamata, ga yauƙin ya tare. Ƙarfin bai isa ya share ƙwayoyin ba, amma ya isa ya kashe raunanan cikinsu ya bar masu taurin kai su yaɗu. Wanda ya gano penisilin, Alexander Fleming, ya yi gargaɗi a kan haka tun a watan Disamba na 1945, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel, inda ya nuna fargabar zuwan lokacin da kowa zai iya sayen maganin a kanti ya sha abin da bai kai ƙima ba.

Masana sun daɗe da duba ko antibiyotik yana sa irin wannan gyambo ya warke. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2014, wadda ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban, ba ta sami hujjar ba da antibiyotik na sha ko na allura ga kowane mai gyambo don mikin ya rufe ba. A watan Fabrairu na 2020 hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar da ƙa'ida a kan haka: kada a ba da shi sai an ga alamar ƙwayar cuta ta shiga nama, idan kuma za a bayar, kwana bakwai ne a karon farko. A gwada wannan da abin da mai gyambo ke haɗiya a nan cikin shekara guda.

Yadda ake kai wa ga haka

Ba wauta ce ke sa mai gyambo bin mai tallar magani ba. Mai talla yana bakin ƙofa, yana sayar da ƙwaya biyu ko huɗu daidai kuɗin da ke aljihu, wani lokaci har bashi yake bayarwa. CSI kuwa sai an hau kabu-kabu ko amalanke, a bar sana'ar ranar. Kuma maganin yakan nuna kamar yana aiki: wari ya ragu kwana biyu, mugunya ta ja baya, sai a dakata. Bayan mako biyu a koma. Al'adar fasa kafso a zuba garinsa cikin miki ta fi kowace muni a wannan fanni, domin tana haɗa ƙwayar cuta da magani kai tsaye, wata da watanni, ba awo ba ƙima, ga shi tana iya sa fatar gefen mikin ta ƙara ɓaci. A tsakani kuma ana gwada na gargajiya, garin sassaƙe ko toka ko wani haɗin, wanda wani lokaci shi ke shigo da sabuwar ƙwayar cuta, har da ta tetanos.

Laifin bai tsaya a kan titi ba. Ma'aikacin lafiya da ke da layin mutane a ƙofa, ba shi da bandejin matsi, ba shi da na'urar auna jinin ƙafa, ba a kuma taɓa koya masa ɗaurin gyambo ba, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya wanke, ya rufe da auduga, ya rubuta takardar magani. Majiyyacin da aka sallama ba takarda yakan ga kamar ba a duba shi ba. Yau amoksisilin, wata mai zuwa kotirimokzazol, idan abin ya ƙi sai sipro, idan ya ƙara ƙi sai allurar seftiriyakzon.

A nan ne sudomonas ke cin kasuwarta. Ita ce ƙwayar da ke sa audugar miki ta yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, da wani wari nata na daban. Tun asalin halittarta ba ta jin amoksisilin, ba ta jin kotirimokzazol, ba ta jin seftiriyakzon. Duk lokacin da aka ba da ɗayansu, maƙwabtanta ake kashewa a bar mata fili. A cikin magungunan sha, dangin sipro ne kaɗai ke taɓa ta, kuma tana iya koyon bijire masa ana cikin shan sa. Idan sipro ya faɗi, abin da ya rage allurai ne masu tsada da ake yi a kwance a asibiti, wasunsu kamar amikasin suna iya lalata ƙoda da ji. Stafilokok ma tana da irinta da ta gagari kuloksasilin da danginsa, wadda aka fara gani a Ingila a 1961. Ita kaɗai ta kashe mutum sama da 100.000 a duniya a shekarar 2019. Duka biyun suna cikin jerin ƙwayoyin cuta masu haɗari da OMS ta sabunta a watan Mayu na 2024.

Ga kuma matsalar ingancin maganin kansa. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ONUDC, ya fitar a 2023 a kan yankin Sahel ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 50 cikin 100 na magungunan da ke kasuwa jabu ne ko marasa inganci. Kafson da babu komai a ciki zamba ce kawai. Wanda ya fi haɗari shi ne mai rabin ƙarfi, ko wanda ya wuni a faranti cikin ranar watan Afrilu har ya raunana, domin shi ne ainihin abin da Fleming ya ji tsoro.

Abin bai tsaya ga mai ƙafar ba

Da ace ƙwayar da ta gagara tana zama a kan ƙafar mai ita, da sai a ce asararsa ce shi kaɗai. Ba ta zama. Tana bin hannun wanda ke wanke mikin a gida, tana bin tsumma da tabarma da buta. A asibiti tana bin almakashi da hantsaki da teburin wanki, idan ba a dafa kaya tsakanin majiyyaci da majiyyaci ba. Wanda zai hau teburin bayan mai gyambo wataƙila mace ce da aka yi wa tiyatar haihuwa, ko yaron da ya ƙone. Antibiyotik ɗin da mutum ya haɗiya kuma ba ƙafa kaɗai yake zuwa ba. Yana ratsa hanji, inda yake horar da ƙwayoyin da ke can, waɗanda gobe su ne za su haddasa ciwon mafitsara ko su shiga jini.

Saurin yaɗuwar irin waɗannan ƙwayoyi a cikin gidan jinya, a nan ƙasar aka auna shi. A tsakanin 2007 da 2008 an bi yara 55 masu tamowa mai tsanani da aka kwantar a wata cibiya a Maraɗi. Sakamakon, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku sun zo da ƙwayoyin hanji masu karya ƙarfin dangin seftiriyakzon. A cikin waɗanda suka zo ba su da su aka kuma sake aunawa wajen sallama, sama da tara cikin goma sun tafi da su gida. Shekaru fiye da goma sha biyar ke nan. Rahoton OMS na 2025 ya ce a yankin Afirka bijirewar irin waɗannan ƙwayoyin hanji ga wannan dangin magani ta haura kashi 70 cikin 100. Seftiriyakzon shi ne allurar da asibitocinmu ke dogaro da ita ga sanƙarau da ciwon huhu mai tsanani da ciwon da ya shiga jini. Kowace kwalba da aka ɓata a kan gyambon da ba ya buƙatarta, daga rabon waɗancan aka ɗebo.

Babban binciken da mujallar Lancet ta wallafa a watan Janairu na 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1,27 kai tsaye, suna kuma da hannu a mutuwar miliyan 4,95. Inda abin ya fi tsanani a duk duniya shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27 cikin kowane 100.000.

Abin da ke rufe gyambon

Tunda ciwon jinin da ya taru ne, maganinsa shi ne a taimaka wa jinin ya hau. Ana yin haka da ɗauri mai matsi, daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa, ya fi matsewa a idon sawu, yana sassautawa yana hawa. Ba sabon ilimi ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan fata na birnin Hambug a Jamus, Paul Gerson Unna, ya ƙirƙiro ɗauri da bandejin da aka jiƙa da haɗin zinki, wanda har yau ake amfani da shi a Burazil da Amurka. A shekarun 1980 asibitin Charing Cross na Landan ya fito da ɗauri mai hawa huɗu, wanda ke riƙe matsi har mako guda ba a kwance ba. Da zarar an matse ƙafa yadda ya kamata, kumburi yakan sauka, ruwan da mikin ke zubarwa ya ragu, ƙwayoyin cutar su rasa damshin da suke rayuwa a ciki. Wari ma yakan ragu ba tare da an haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba.

Wani gwaji da aka yi a Birtaniya a kan mutum 450, aka wallafa a 2018, ya nuna ƙarfin wannan hanya. An raba su biyu. Duka an yi musu ɗauri, amma an toshe wa rabi jijiyar da ta lalace tun da wuri, ta hanyar ɗan ƙaramin aiki ba tare da yanka babba ba. Waɗanda aka yi wa aikin sun warke a matsakaicin kwana 56, sauran a kwana 82. Abin lura ga ƙasa kamar Nijar shi ne rukuni na biyu: cikin makonni 24, kimanin kashi 76 cikin 100 nasu sun warke. Toshe jijiya yana buƙatar na'ura da ƙwararren likita, ɗauri kuwa ma'aikacin jinya da aka horar zai iya yin sa a CSI ta ƙauye.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma ba na wasa ba ne. Ba kowane gyambo ake matsewa ba. Idan jijiyoyin da ke kawo jini daga zuciya ne suka toshe, kamar yadda yake faruwa ga wasu masu ciwon sukari da masu shan taba da tsofaffi, matsi zai iya kashe ƙafar gaba ɗaya. Shi ya sa kafin ɗauri ake auna ƙarfin jini a idon sawu a gwada da na dantse, da wata ƴar na'ura mai aiki da batir da ke shiga aljihu. Idan na ƙafa ya kai 0,8 na hannu ko fiye, a ɗaure. Idan ya gaza 0,5, kada a kuskura. A ƙasar nan kuma dole a fara tambayar ko gyambon na wani ciwon ne daban. Amosanin jini, wanda ake kira sikila ko emasi, yana fasa miki a wuri ɗaya da na jijiya, galibi ga matasa, kuma ya fi zafi. Akwai na ciwon sukari a tafin ƙafa, akwai na kuturta irin wanda cibiyar Danja da ke kusa da Maraɗi ta daɗe tana jinya, akwai na tsohuwar karaya da ƙashi ya ruɓe. Mikin da ya yi shekaru, bakinsa ya tashi ya yi tudu yana zubar da jini, yana iya kasancewa ya rikiɗe ya zama ciwon daji, sai an yanki ɗan nama an auna.

Ɗaurin kansa yana da wahalarsa a irin wannan yanayi. Hawa huɗu na bandeji a zafin bazara ba ƙaramin haƙuri yake so ba, kuma da yawa za su kwance shi tun daren farko idan ba a yi musu bayani ba. Bandejin kirif na gama-gari da ake samu ko'ina ba ya riƙe matsi, cikin ƴan sa'o'i yake saki. Wanda ya fi dacewa shi ne mai ƙarancin talewa, da ake wankewa a sake ɗaurawa. Akwai kuma tambayar da majiyyaci yakan ji nauyin yi wa ma'aikacin lafiya: alwala fa? Malaman fiƙihu sun daɗe da amsa ta, shafa a kan ɗaurin ciwo ya halatta. Kalma guda daga limamin unguwa za ta iya hana a riƙa kwance ɗauri sau biyar a rana. Sauran abubuwan ba su da tsada: wanke mikin da tsabtataccen ruwa, cire mataccen nama da yauƙin nan a kai a kai, ɗaga ƙafa sama da ƙirji lokacin hutu, tafiya da motsa idon sawu, allurar rigakafin tetanos, da abinci mai gina jiki. Ga koren mikin sudomonas, likitoci da dama suna amfani da ruwan binega da aka tsarma ƙwarai, domin ƙwayar ba ta son tsami, amma wannan aikin ma'aikacin lafiya ne mai sanin ƙima.

Wannan ba yana nufin mai gyambo ba ya taɓa buƙatar antibiyotik ba. Yana buƙata ran da ja da kumburi da zafi suka fara bazuwa daga bakin mikin zuwa sama, ran da raɗaɗi ya ƙaru fiye da yadda aka saba, ran da mikin ya faɗaɗa cikin ƴan kwanaki, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya rufe shi. A wannan rana maganin shi ne tsakaninsa da yanke ƙafa ko mutuwa. Abin takaicin shi ne, wanda ya shekara biyar yana shan sa ba bisa buƙata ba, shi ne wanda maganin zai fi ƙi a ranar. Daga nan sai an san ainihin ƙwayar da maganin da take ji, wato sai an ɗauki samfuri an raine shi a ɗakin awo kwana biyu zuwa uku. Wani bincike da hukumar Africa CDC da abokan aikinta suka fitar a 2022, a kan ƙasashe 14 da suka haɗa da Najeriya da Burkina Faso, ya gano cewa cikin ɗakunan awo kimanin 50.000, kashi 1,3 cikin 100 ne kawai ke yin wannan aiki. Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka duba, amma wanda ke Dakwaro ko Tanut ko Keita ya san nisan da ke tsakaninsa da irin wannan ɗaki. Inda babu awo, likita lalube yake yi, kuma lalube yakan ƙare a kan magani mafi ƙarfi da ke cikin kabad.

Abin da ya rage wa hukumomi

Tun ranar 1 ga watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, matakin da ya shafi ganin likita da awo da kwanciya da tiyata. Sauƙi ne na gaske, kuma ragin kuɗin awo yana da amfani kai tsaye ga wannan matsala. Amma nauyin mai gyambo ba na rana ɗaya ba ne. Kuɗin mota ne sau biyu ko uku a mako, da auduga, da bandeji, da ranar aiki da ta tafi. Jinya kyauta da aka kafa tun 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara biyar ce da mata masu ciki. Magidancin da ke da miki a ƙwauri ba ya cikin kowane shiri, ba shi da ranar duniya, ba shi da mai ba da tallafi. Ɗauri mai matsi, wanda ake sauyawa sau ɗaya ko biyu a mako, zai rage masa zirga-zirga tun kafin ya warke. Amma ragin farashi ba ya kawo kayan da babu su a kanta. Sai ONPPC ta sayo bandejin matsi kamar yadda take sayo amoksisilin, sai makarantun horar da ma'aikatan lafiya sun koyar da ɗaurin da hannu, ba a allo kawai ba, sai kowane asibitin gunduma ya sami ƴar na'urar auna jinin ƙafa.

Yaƙi da maganin titi ma yana nan. Nijar tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Lome ta watan Janairu na 2020 a kan jabun magunguna, kuma lokaci lokaci akan kama kaya a ƙone. Takunkumin CEDEAO na 2023 da rufe iyakar Benin sun tsawaita hanyar maganin farmasi, kuma duk lokacin da kantar farmasi ta yi fayau, faranti ne ke cika. Korar mai talla ba ta warkar da gyambo. Muddin wanda ya je CSI zai komo da mikinsa yadda ya kai shi, mai talla ba zai rasa ciniki ba.

A ranar 26 ga watan Satumba na 2024 ƙasashen duniya suka yi alkawari a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 za su rage mace-macen da ke da nasaba da bijirewar magani da kashi 10 cikin 100, kuma aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibiyotik da ake ba mutane zai kasance daga rukunin farko, wato masu sauƙi irin su amoksisilin da kuloksasilin. Sipro da seftiriyakzon, waɗanda aka fi gudu gare su idan gyambo ya ƙi, suna rukuni na biyu ne, wanda OMS ta ce a riƙa taka-tsantsan da shi. Hanya mafi arha ta kusantar wannan adadi ita ce a daina ba da su inda ba su da aiki, kuma ɗakin wankin miki yana cikin wuraren da za a fara dubawa. Rajistar CSI za ta iya nuna abin da ake ciki ba tare da an jira wani bincike daga waje ba: mikuna nawa suka wuce mako shida, nawa aka ɗaure da matsi, nawa aka rubuta wa antibiyotik, nawa suka rufe.

Bayan gyambon ya rufe ma aiki bai ƙare ba, domin marufan jijiyar ba su gyaru ba. Idan aka bar ƙafar haka, mikin yakan sake fashewa a wurin da ya warke. Abin da ke hana shi shi ne safa mai matsi da ake sawa kullum da safe a cire da dare, a sauya ta bayan ƴan watanni idan ta saki, har iyakar rayuwa. Ita ma sai an sa ta cikin lissafin kayan da ake sayowa, da girma daban-daban, a farashin da mahauci da mai tuyar ƙosai za su iya biya sau biyu a shekara.